Auta, Sayi Naki

Mai gyaran kwamfuta irin mutanen nan ne da ba sa miƙa maka kaya sai sun haɗa maka da wa'azi. Ya ɗora abin a tafin hannun Auta, ɗan mitsitsi baƙi, bai kai babban yatsa ba, ya ce, "Adafta ke nan. Kwamfutarki tsohuwa ce, kurma ce, ba ta jin intanet a iska. Wannan shi ne kunnenta."

Ya nuna mata kafar da za ta soka shi a bayan kwamfuta, ya ba ta faifan da za ta saka don kwamfutar ta gane baƙonta. Sannan ya jawo wata doguwar igiya daga ƙarƙashin teburi yana naɗe ta a gwiwar hannu.

"In bango ya tare sabis, ki jona adaftar a bakin igiyar nan, ɗaya bakin ki jona a kwamfuta. Amma fa aikin mutum biyu ne, 'yar'uwa. Ɗaya ya riƙe yana zagawa, ɗaya ya zauna yana kallon sanduna a fuskar kwamfuta yana faɗa. Inda suka cika, nan ne wurin. Kina da mai riƙe miki?"

"Sai mahaifiyata."

"Faɗuwa ta zo daidai da zama. Tsofaffi sun fi mu haƙuri."

Auta ta yi masa godiya ta fito. Ba ta tsaya gaya masa cewa saboda mahaifiyar ce ma take duk wannan fafutuka ba.

Su biyu suka rage a gidan, ita da Mama. Da su uku ne, har ranar da motar da yayanta ya shiga ta rufta daga kan gada, lokacin da kogi ya cika ya batse. An tsamo motar, an tsamo mutane, amma ba a ga Yaya ba, ba a ga wayarsa ba, ko takalminsa ƙafa ɗaya ba a samu ba. Dangi suka yi zaman makoki suka watse. Mama ta zauna tare da su, ta karɓi gaisuwa, amma zuciyarta ba ta karɓa ba. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, Mama na nan kan bakanta: wanda ba ta ga gawarsa ba, tafiya ya yi.

Da abin ya tsaya a baki, da sauƙi. Sai ta fara fita. Da zarar Auta ta tafi shagon da take aikin buga takardu, Mama za ta yafa mayafi ta nufi tashar mota tarbar ɗanta. Ranar da wani direba ya dawo da ita bayan ya tsince ta a bakin babban titi, ƙafa duk ta farfashe, ba ta ma san hanyar gida ba, ranar Auta ta yanke shawara. Ta roƙi mai shago ya riƙa turo mata aiki ta intanet tana bugawa a gida. Maƙwabciyarsu, wata ma'aikaciyar jinya mai kirki, ta ce ga intanet ɗinta nan, ta riƙa ja ta bayan katanga, ta rubuta mata sunan da lambar sirri. Auta ta sayi kwaɗo ta ɗaura wa ƙofar gida. Ta rasa yaya, ba za ta rasa uwa ba. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Ta dawo daga wurin mai gyara da rana tsaka, gari ya yi tsit saboda zafi. Kwamfutar tana ɗakin Yaya, don tasa ce. Auta ta kaɗe ƙurar da ke kanta, ta kunna, ta soka adaftar. Wata 'yar fitila shuɗiya ta fara ƙiftawa a jikinta. Ta saka faifan, ya yi ta gurnani, ta danna inda aka ce ta danna, ta sake dannawa, kwamfutar ta mutu ta farfaɗo da kanta. A kusurwar ƙasa alamar sanduna ta bayyana, amma duk fanko, ko ɗaya ba ta cika ba.

"Mama, zo ki taya ni aiki."

Mama ta leƙo tana goge hannu da gefen zani. "Ni me na sani a cikin akwatin nan?"

"Riƙo kawai za ki yi. Ai kin iya riƙo."

"Na riƙe ki ke ma, da nauyinki da rigimarki."

Auta ta yi dariya, ta ji daɗi har cikin ranta, don an jima Mama ba ta yi mata ba'a ba. Ta zare adaftar, ta jona igiyar, ta zura ta ta tsakanin ƙarafunan taga zuwa tsakar gida, ta damƙa wa Mama adaftar. Mama ta riƙe ta da yatsu biyu nesa da jikinta, kamar an ba ta kunama.

"Ki ɗaga sama, ki matsa wajen katanga. A hankali. Ni zan riƙa kallon sanduna a nan, inda suka cika nan ne wurin."

Mama ta taka har gindin tankin ruwa. Sunaye suka fara fitowa a fuskar kwamfuta, na intanet ɗin gidajen da ke kewaye, kowanne da 'yan sandunansa a gefe.

To, Auta tana da wata ɗabi'a da aikin buga takardu ya koya mata. Duk abin da idonta ya sauka a kai, bakinta ke fara karantawa a fili kafin hankalinta ya iso. A shago har tsokanarta ake yi, wai ta taɓa karanta wa mutum takardar korarsa daga aiki da murya mai daɗi. Haka ta shiga karanta sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, taga a buɗe. Ta karanta na ma'aikaciyar jinya. Ta karanta na mai kantin magani. Ta karanta na ƙasansu.

"Auta, sayi naki."

Sai da maganar ta fita ta ji ta. 

Babu wanda bai san wannan suna ba a gidan. Lokacin da Yaya yana nan, kullum Auta ce ke maƙale masa ya kunna mata data daga wayarsa. Da ya gaji, sai ya canza wa wayar suna, don duk sanda ta zo sha ta fara cin karo da gorin. Mama ma ta haddace, har takan faɗa mata in ta ɗauki sabulunta. Wayar nan kuwa tana aljihunsa ranar da ya shiga mota.

 Can Mama ta ce, "Me kika ce?"

"Ba komai, Mama. Wani suna ne."

"Sanda nawa gare shi?"

Ashe tsohuwa ta saurari bayanin tsaf. Auta ta dubi fuskar kwamfuta, bakinta ya sake rigan hankalinta. "Ɗaya."

Mama ta juya wa katangar maƙwabciya baya. Ta ɗaga adaftar, yanzu da hannu biyu, ta fara takawa zuwa lungun da ke kaiwa ƙofar gida. Igiyar ta riƙa warwarewa daga ƙasan teburi tana silalewa ta taga.

"Yanzu fa?"

Sandunan sun zama biyu. "Ya ɗauke, Mama. Babu komai. Dawo wajen tanki."

"Ni na haife ki. In kina ƙarya muryarki sirancewa take yi."

Ta shige lungun, Auta ta daina ganinta. Ya kamata ta tashi ta bi ta, kuma ta san haka. Amma ta ce wa ranta ƙofa a kulle take, igiya kuma tana da iyaka, muddin Mama na riƙe da ita ba inda za ta. Wannan ita ce hujjar da ta ba kanta. Gaskiyar kuwa, ita ma ɗan'uwanta ne. Ta yi kewarsa har ta gaji, ta ɓoye kukanta don kada Mama ta gani, yanzu ga gorinsa a gabanta da haruffa baƙaƙe, ta kasa ɗauke ido.

Igiyar ta ƙare. Ta miƙe sak daga bayan kwamfuta zuwa bakin taga, har teburin ya ɗan motsa. Mama ta kai iyakar inda za ta iya kaiwa, ba ta da sauran taku ko ɗaya.

Sandunan suka zama uku.

Mai gyara ya ce sanduna na ƙaruwa ne in mai riƙo ya matsa kusa da inda sabis yake. Bai ce komai ba a kan abin da ake nufi in mai riƙo na tsaye wuri ɗaya suna ƙaruwa. Auta ba ta buƙaci a gaya mata ba. Tana kallo ta ƙarshen ta cika. Ba ta taɓa linzamin kwamfutar ba, ba a tambaye ta lambar sirri ba, kwamfutar ta rubuta da kanta cewa an haɗu.

Daga lungun ta jiyo muryar Mama ƙasa-ƙasa, irin muryar da take yi wa mutum faɗa tana murna. Ta tsaya kamar mai sauraro, ta yi 'yar dariya, ta ci gaba. Auta ta kasa kunne iya ƙarfinta, ba ta ji murya ta biyu ba.

Sai igiyar ta fara tashi. Da tana kwance a kan dakalin taga. Yanzu ta rabu da shi, ta hau a hankali tana gogar ƙarfe, har ta kai saman tagar, inda hannun Mama ba zai taɓa kaiwa ba ko ta yi ɗage. Wani ɗigon ruwa ya gangaro a jikinta daga waje, ya ratsa taga, ya zo ya ɗiga a kan teburi. Wani ya biyo shi. Sama wasai take, rabon gari da ruwa an kwana biyu, ruwan kuma ja ne, mai laka.

Labulen ƙofa ya ɗaga, Mama ta shigo. Hannuwanta biyu babu komai. Fuskarta ta washe, rabon da Auta ta gan ta haka tun kafin haɗarin.

"Mama," Auta ta ce, "wa ya riƙe?"

"Yayanki mana. Hannuna ya gaji, shi kuma ya fi ni tsawo." Ta duƙa tana laluben ƙarƙashin kujera. "Ya jiƙe sharkaf, na ce ya shigo ya canza kaya ya ƙi, wai sauri yake. Ina kika kai mini takalmana?"

"Ina za ki?"

"Raka shi zan yi. Ya ce wurin ba nisa."

"Ƙofa a kulle take."

Mama ta ɗago ta dube ta da tausayi, yadda ake duban yaron da bai gane abu mai sauƙi ba. "Shi ta ƙofa ya shigo?"

Ta samo takalmi ƙafa ɗaya ta zura. Ta hango ɗayan a bayan ƙofa.

Auta ta dubi igiyar. Tana nan a miƙe, tana ɗan rawa kaɗan-kaɗan, irin rawar abin da ke hannun mai rai. Taku kaɗan ne tsakaninta da lungun. Da ta leƙa za ta gan shi, ko ta ga koma mene ne ke tsaye a wurin, kuma ranta na son leƙawar nan kamar ta mutu. Amma Mama ta riga ta kai hannu kan takalmi na biyu.

Ta zura hannu bayan kwamfuta, ta kama bakin igiyar, ta fizge.

Sandunan suka mutu. Igiyar ta saki, ta faɗo kan dakalin taga. A can cikin lungu wani ɗan abu ya faɗi a kan siminti, ƙas.

Mama ta tsaya a duƙe da takalmi a hannu. Ta miƙe a hankali, ta fita, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Auta ta bi bayanta. Lungun fayau, rana ta haske shi har bakin ƙofa. Adaftar na ƙasa a cikin ɗan ruwan da ya taru, zafin siminti ya fara shanye shi ta gefe-gefe. Mama ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye. Ta sake kira. Ta jira har ruwan ya bushe ƙarƙaf, sai shacin laka.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta koma ɗakinta ta zauna a bakin gado, ta cire takalmin ta ajiye. Auta ta durƙusa a gabanta, hawaye na zuba, ta kama gwiwoyinta.

"Tafiya zai yi da ke, Mama. Ni kaɗai za ku bari."

Mama ta ɗauke hannuwan Auta daga gwiwarta, ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba.

"Ruwa ya ɗauke mini shi, na yafe wa ruwa, don bai san ɗan wa ya ɗauka ba," ta ce. "Ke kin sani."

Daga ranar Mama ba ta ƙara nufar ƙofa ba. Tana ci in an ba ta, tana kwanciya in an shimfiɗa mata, tana amsa gaisuwar kowa. Auta takan zauna kusa da ita da yamma ta yi ta ba ta labari, Mama na kallon bango har ta gama.