Wasiƙar Kurma Zuwa Djougou

Alhaji Moumouni, mai sayar da masara a kasuwar Arzèkè ta Parakou, kunnensa ya mutu amma bai gaya wa kowa ba. Girman kai ne, ba wani abu ba. In an yi masa magana sai ya gyaɗa kai ya ce madalla, mutane su ɗauka dattako ne.

Amininsa guda ne a duniya, Alhaji Djibrilla na Djougou. Tare suka yi karatun allo, tare suka yi fataucin goro. Da zama ya raba su, wasiƙa ce ta riƙe su, a rubuta da ajami, a naɗe, a ba direba ya soka a aljihu. Can sai 'ya'ya suka saya musu waya, wai yanzu murya ake aikawa. Tawada ta bushe a kwalba.

Moumouni ya koyi inda ake dannawa. Saƙo in ya shigo, sai ya kara wayar a kunne, ya ji gunaguni kamar ruwan sama a kan kwano, sannan ya danna ya ce, "Madalla, Djibrilla! Na ji daɗi ƙwarai. Allah ya maimaita mana."

Wata rana ya ba da wannan amsar, sai Djougou ta yi shiru. Kwanaki suna wucewa, tsoho yana ta juya waya. 'Yarsa Rakia ta gaji da ganinsa haka, ta karɓa ta saurari saƙon Djibrilla na ƙarshe da amsar da aka mayar masa. Sai ta dafe ƙirji.

"Baba, me ka yi haka?"

"Madalla," in ji shi.

Nan ta gane ba ya ji. Ta kai bakinta daf da kunnensa ta ɗaga murya. "Baba! Hajiya Ummuhani ce ta rasu, matar Baba Djibrilla! Da kuka ya gaya maka, kai kuma ka ce Allah ya maimaita!"

Moumouni ya zauna daɓas a kan buhu. Matar da ta sha dafa masa tuwo in ya sauka Djougou! Rakia ta nuna masa wayar, wai ya yi sabon saƙo ya ba da haƙuri.

"Ajiye abin nan. Shi ya kai ni. Samo mini tawada."

Ta hau zem, wato acaɓa, ta samo tawada da alƙalamin kara wajen wani malami. Baƙaƙe na karkacewa, ya rubuta ta'aziyya. A ƙasa ya ƙara: "Ɗan'uwana, na kurmance, kunya ta hana ni faɗa. Tun bara ban ji kalmarka ko ɗaya ba. Ka yafe mini."

Da kansa ya kai tashar motar Djougou. Direba Nafi'u ya juya takardar yana dariya, ya yi masa nuni da waya.

"Kai, ɗan nan, ubanka ya kai mini irinta bai yi mini surutu ba," in ji Moumouni. "Riƙe. Hannu da hannu za ka ba shi."

Motar ta tashi. Moumouni ya koma rumfa, ciniki ya gagare shi. In Djibrilla ya yaga takardar, ba shi da bakin magana.

Washegari da hantsi sai ga Nafi'u a bakin rumfa, ya rusuna ya miƙa takarda da hannu biyu, ba dariya. Tun kafin ya warware, Moumouni ya gane rubutun, manyan baƙaƙen nan da malaminsu ya sha dukan Djibrilla a kansu.

"Kurma ɗan banza, na yi fushi har na rantse ba ni ba kai. Da na ga hannunka sai na yi kuka. Marigayiya ta daɗe tana cewa amsarka ba ta bin zancena, na ce ai kai dama ba ka da kai. Ka zo addu'ar arba'in. Ka taho da alƙalaminka, mu zauna tabarma ɗaya mu riƙa miƙa wa juna takarda."

Moumouni ya karanta, ya sake karantawa, ya shafa takardar a fuskarsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Rakia! Yau na ji muryar Djibrilla. Ƙaro tawada."