Lambobi Shida a Wayar Inna

Shekara uku ina neman gurbin karatun ungozoma, sai ranar da aka ba ni shi aka sace min waya. Da safe ne, a cikin bas, wani mai saurin hannu ya zare ta daga jakata. Ina cikin wannan takaici, wajen ƙarfe uku saura, shugabar sashenmu ta tare ni a barandar asibiti ina ɗauke da tiren allurai. Ta ce sunana ya fito a jerin cike gurbi, amma duk wadda ba ta shiga shafin makarantar ta danna amincewa kafin ƙarfe huɗu ba, za a ba ta bayanta.

Ban san inda na dire tiren ba. Da farin takalmin aiki na tsallaka titi zuwa shagon kwamfutar da ke kallon asibitin. Kwamfuta uku ne a ciki, da fanka mai juya kai ba iska, da warin takarda mai zafi. Na rubuta sunana, na rubuta kalmar sirri, ta karɓa. Sai ga wani ɗan akwati ya fito, wai an tura lambobi shida zuwa layin da ya ƙare da huɗu da bakwai.

"Sista, ai mataki biyu kika sa," in ji mai shagon, yana leƙe ta kafaɗata. "Duba wayarki."

Na ce layin ba nawa ba ne, na mahaifiyata ne. Har da ɗan murmushina na faɗa, don a lokacin gani nake na fi kowa wayo. Sau biyu ana sace min waya kafin wannan ranar, ita kuwa Inna tata ƙarama mai madannai a jakar zare take, rataye a wuya, ko wanka za ta shiga tana kan ƙusar ƙofa. Shi ya sa na ɗaura asusuna a layinta. Garinmu tafiyar awa biyu ce, amma mene ne awa biyu ga mai kira? Na ari wayar mai shagon.

"Inna, ni ce, Auta. An sace wayata. Wani saƙo ya shigo miki yanzu, karanto min lambobin."

Ina jin kaji a bayanta.

"Wace Autar?"

"Auta nawa gare ki, Inna? Don Allah yi sauri, minti goma kawai suke yi su mutu."

"To, baiwar Allah, ki nemi wata. Nan ba a ba da lamba."

Ta kashe. A nan na tuna wanda ya koya mata wannan amsa. Bara wasu suka kira maƙwabciyarta da murya irin ta ɗanta, ta karanto musu lambobi, kafin la'asar sun ƙwace asusunta suna roƙon jama'a da sunanta. Ni na zaunar da Inna a kan tabarma na yi mata huɗuba. Na ce ko wa ya kira, ko da muryata ce, ko kuka yake, kada ta ba shi. Ban bar ta ba sai da ta rantse. Inna kuwa idan ta rantse, sai dai dutse ya motsa.

Na sake kira. Uku da kwata.

"Inna, ki saurare ni. Ni ce mai tabon murhu a gwiwar hagu. Ni na fasa madubin Baba na ce kyanwa ce. Akuyarki mai jan kunne ta haifi biyu watan jiya."

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Haka 'yata ta ce, za ku san komai."

Ni da bakina na faɗa mata hakan. Na ji kamar in ɗauki kaina in buga da teburin.

Na kira Yayana, shi da yake direban babbar mota ne, na ce ya kira ta da layinsa da ta sani. Bayan minti shida ya dawo min, rabi dariya rabi haushi.

"Auta, kin ga aikinki? Ta ce ni ma a wurinta ɓarawo ne har sai ta ga fuskata. Wa ya aike ki koya wa tsohuwa taurin kai a kan wanda take da shi?"

Mai shagon ya gwada wata hanyar, ya tambaye ni lambobin ajiya, waɗanda ake bayarwa ranar da mutum ya kunna mataki biyu. Na ce na ɗauki hotonsu da wayata. Ya ce ina hoton? Bai jira amsa ba, ya sosa ƙeya ya koma kujerarsa. Na kira ofishin makarantar sau biyar, ana ɗauka aka ce in aiko da ƙorafi a rubuce, za a duba cikin mako biyu.

Huɗu saura minti tara na sa aka turo sabuwar lamba, na kira Inna na ƙarshe. Ban yi niyyar kuka ba, shi ya zo da kansa, a gaban mai shago da wani dattijo mai jiran a buga masa takarda.

"Inna, shekara uku. Ke kika ce ba za ki huta ba sai kin gan ni ina karɓar haihuwa. Na roƙe ki da girman Allah. Na yafe miki rantsuwar, ni na sa ki, na janye."

Ina jin numfashinta yana rawa.

"Idan ke ce, ki yafe min," ta ce. "Idan ba ke ba ce, Allah ya isa tsakanina da ke."

Ta kashe, ta kuma daina ɗauka. Na zauna ina kallon agogon da ke kusurwar allon har ya buga huɗu. Da na sake latsa shafin, jerin ya sauya, wata ce a layin da sunana yake. Na yi fushi da Inna, fushin da ban taɓa yi da ita ba, na kuma san ba ni da bakin yin sa.

Bayan magariba ina kwance a ɗakina da kayan aiki a jiki aka ƙwanƙwasa. Inna ce, da silifas ɗin cikin gida, mayafi a karkace, ƙafafunta sun kumbura da zaman mota. Ta kama fuskata da hannu biyu ta duba, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Na kira layinki ya fi sau goma, a kashe. Na ce ko sun yi miki wani abu ne." Ta ciro jakar zaren daga wuya ta danƙa min. "Ga su nan, duk suna ciki, ban ba kowa ko ɗaya ba. Wata ta kira da muryarki sak, Auta, har da kuka. Wallahi saura ƙiris in karanto mata, sai na toshe kunne."

Ta zauna a bakin gado tana murza gwiwa, tana kallona kamar ɗalibar da ke jiran sakamako.

"Na yi daidai ko?"

Na durƙusa na cire mata silifas ɗin, don kada ta ga idona.

"Kin yi daidai, Inna," na ce.