Rigar Shugaba a Kan Igiya

Mai wankin gidan Shugaba ya shanya riguna biyar a igiya ɗaya, aka kama shi.

Ƙasar kaf ta san riga ɗaya Shugaba ya mallaka. Ruwan toka ce, da faci a gwiwar hannun dama. Da ita ya shiga kurkuku, da ita ya fito, da ita ya hau mulki. Haka ake koya wa yara a makaranta. Ran nan rana ta buɗe bayan ruwa, mai wanki ya sha'afa, ya fito da su fili gaba ɗaya. Wani daga saman bene ya ɗauki hoto.

Tela, yayan mai wankin, shi ke ɗinka su. Sai ya yanka sabon yadi ya ɗinka, ya goge wuyan da dutse har ya koɗe, ya huda hannun ya yi faci. Tun da aka tafi da ƙanensa zama ya gagare shi. Ya hau keken ɗinki, ya sauka. Ya leƙa titi, ya dawo, ya ɗauki almakashi, ya ajiye. Matar ƙanen na zaune a bakin shago da goyo, ba ta kuka, ba ta tafiya.

Da hantsi mota ta tsaya. Hadimin Shugaba ya shigo da yadi a hammata.

"Baba Tela, sannu da aiki. An ƙone biyar ɗin nan, wadda ta rage kuma ba ta shigarsa. Jibi Maigida zai yi jawabi. A ɗinka wata, a ƙara faɗi ta ciki."

"Talakan namu ya ajiye tumbi ke nan."

"Haba Baba, rage murya."

"Ina ƙanena?"

"Ana bincike."

"Binciken me? Igiya?"

Hadimin ya share gumi. "In an gama jawabi a duba maganarsa. Kai dai ka yi facin yadda ka saba. Mutane za su gwada da tsofaffin hotuna, in zare ɗaya ya kauce mun shiga uku."

Tela ya dubi yadin. Babu hannun da ya iya wannan facin sai nasa. Ya kuma san da zarar riga ta bar shagon, babu mai sake tunawa da wani mai wanki.

Ya tura yadin gefen tebur.

"Baba, ka san aiken wa kake mayarwa?"

"Na sani. Ba zan ɗinka ba."