Firjin Ticha Yaw

Da Fasto ya zura hannu cikin bokitin roba ya zaro tikiti, duk filin makarantar Agona ya yi tsit. Ya gyara tabarau, ya karanta: "Yaw."

Maza huɗu suka miƙe a lokaci guda.

Maame Afrakoma ce ta shirya wannan taro na fitar da tikitin cin kyauta. Wata uku tana yawo daga kasuwa zuwa coci, daga coci zuwa gidajen makoki, tana tallar tikitin nan don ƙungiyarta ta koya wa yara kimiyya ta samu madubin ganin ƙananan halittu. Ta roƙo sabon firji a wurin wani mai kanti ya zama kyauta. Abu ɗaya ta manta: mutanen garinta, in ka ce su rubuta suna, sunan ranar haihuwa suke rubutawa. Duk namijin da aka haifa ran Alhamis kuwa Yaw ne.

"Nawa ne!" in ji Yaw mahauci. "Jiya na yi mafarkin ƙanƙara."

"Kai da ko wutar lantarki babu a gidanka?" Yaw direba ya mayar masa. "Da gumin hammatarka za ka kunna shi?"

Kafin a ankara fili ya rikice. Wata mai sayar da kifi ta fara ihun a mayar wa kowa kuɗinsa, wasu suka ɗauka. In aka mayar, madubi ya tafi ke nan, kuma ba mai sake sayen tikitinta har ta mutu.

Ta karɓi takardar daga hannun Fasto, ta duba. Rubutunta ne. Ita ta saye shi ran farko da sunan mijinta marigayi, Ticha Yaw, wanda ya fara tara yaran nan a gindin mangwaro yana nuna musu ƙananan halittu da gilashin tsohon tabarau. Ba ta taɓa zaton zai fito ba. In ta faɗa, za a ce ta shirya wa kanta; in ta yi shiru, za a fasa kawuna. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta ɗauki lasifika.

"Ku zauna, ku huɗun. Wannan Yaw ɗin ba zai zo karɓa ba. Ticha ne. Ni na saya masa."

Mazan huɗu suka zauna. Can wata tsohuwa ta ce, "Oho! Ticha ko a kabari shi ne na ɗaya a aji." Dariya ta ɓarke, har mai kifin ta koma kujerarta.

Sai ga Kwarteng ya taso yana gyara zanensa a kafaɗa. Ɗan 'yar'uwar marigayin ne, wanda ya kwashe gona da rediyo tun ba a gama zaman makoki ba.

"Maame, kin san al'ada. Kayan kawu na ɗan 'yar'uwa ne."

Wannan mutum bai taɓa sayen tikiti ko ɗaya ba. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Gaskiyarka, ɗana. Firji naka ne. Amma Nana, ku dattawa ku tuna mini: mai cin gado, kaya kaɗai yake ɗauka?"

"Har da 'ya'yan mamaci," in ji Nana, dattijon da ke kujerar gaba. "Haka muka tarar."

Ta nuna benci uku da ke cike da yaran ƙungiya. "To, ga su nan. Ku gaishe da babanku."

"Sannu, Baba!" suka haɗa baki, fili ya ɗauki tafi.

Kwarteng ya yi yaƙe, ya sa aka ɗora masa firji a kan kura. Ba wanda ya ƙara zancen mayar da kuɗi.

Madubi ya iso daga Kumasi bayan mako biyu. Ran Asabar da hantsi, Kwarteng ya buɗe ƙofarsa ya tarar da layin yara har bakin titi, kowa riƙe da kwalbar ruwan kududdufi, kore shar, wasu da 'ya'yan kwaɗi suna iyo a ciki. Maame Afrakoma na tsaye a bayansu da lema.

"Baba," in ji yarinyar da ke gaba, "Maame ta ce ka matsar da giyarka daga firji, mu saka kwalabenmu. Na Asabar mai zuwa za su fi waɗannan yawa."