Abin da Wesley Ya Faɗa a Bugun Kwana

Shekara bakwai Duncan yana zama a kujera ɗaya a filin ƙwallon Cragthorpe Town, layi na uku kusa da rumfar mai shayi, kuma shekara bakwai Wesley Holroyd yana gaya wa abokan wasansa cewa mutumin nan ɗan haya ne a gidansa. Ɗan haya fa! Mutumin da ya yi jinyarsa wata huɗu lokacin da aka yi masa aiki a gwiwa, yana tallabarsa zuwa banɗaki kamar jariri. Son juna suke yi, ɗaki ɗaya suke kwana, kuma ban da ƙanwar Duncan babu wanda ya sani.

Al'adarmu a nan, ranar wasan ƙarshe na kakar wasa a gida, in an tashi, 'yan wasa sukan kira iyalansu su sauko fili a zagaya tare ana tafa musu. Kowa da matarsa ko budurwarsa, ga 'ya'ya a kafaɗa. Wesley kullum shi kaɗai yake zagayawa. Bana kuwa shekararsa talatin da huɗu, gwiwar ta gama aiki, wannan Asabar ce wasansa na ƙarshe a duniya.

Da safe Duncan ya ajiye masa shayi ya ce, "Wes, ba faɗa nake nema ba. Amma yau in ka zagaya kai kaɗai, gobe zan koma Leeds wurin ƙanwata. Na gaji da zama ɗan haya."

"Na ce zan kira ka. Ai na rantse maka."

"Bara ma ka rantse."

"Bara ina da sauran wasa a gaba. Yau me za su yi mini? Korata za su yi?"

Kuma wallahi har zuciyarsa yake nufi.

Sai dai ƙungiyar da za su kara da ita tana da wani ɗan wasan gaba mai suna Corey Haigh, wanda a cikin hunturun nan ya fito fili ya ce shi maza yake so. Jaridu suka yi ta yabonsa. Ƙungiyoyi suka raba wa 'yan wasa igiyar takalmi mai launin bakan gizo, wai alamar goyon bayan irinsa, aka jeru aka ɗauki hoto ana murmushi. Munafuncin banza. Asabar tana zagayowa, duk filin da ya shiga sai a tarbe shi da waƙoƙin da ba za ka so uwarka ta ji ba.

A ɗakin sauya kaya, Lee Barraclough, kyaftin, ƙato mai wuya kamar turmi, ya daki kafaɗar Wesley. "Tsoho, yau kai za ka riƙe mana amarya. Ka dai kula da bayanka!"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Wesley ma ya yi tasa, ya daɗe da ƙwarewa a irinta. Koci ya ce su rufe masa baki, ba ya son takardar tara daga hukumar ƙwallo. Amma da za su fita sai ya ja Wesley gefe ya ce, "An ce yaron nan yana da saurin fushi. Ni dai ban ce ka ce komai ba."

Ruwa ake yi tsam-tsam. Duk lokacin da Corey ya taɓa ƙwallo sai fito da ihu su tashi, har da dattawa masu jikoki a cinya. Ko a jikinsa. Sau biyu ya yanke Wesley ya bar shi zaune a taɓo. Wesley ya ji haushi, amma a ƙasan haushin akwai wani abu kamar alfahari. Ya ce a ransa, in wannan ya iya tsayawa a gaban mutum dubu, ni ma zan iya zagaye ɗaya.

Saura minti ashirin, ba a ci kowa ba, baƙi suka sami bugun kwana. Aka cunkushe a gaban raga, kowa ya riƙe rigar wani. Corey ya matso kusa da kunnen Wesley ya ce a hankali, "Babban yaya, na taɓa ganinku a Manchester, kai da mai gemun can na layi na uku. Kada ka damu, bakina a rufe yake. Daɗi kawai na ji da na ga ba ni kaɗai ba ne."

Maganar alheri ce, ba ta da wata ƙaya. Amma Lee yana nan taku biyu daga gare su.

"A'a! Wes, har an fara raɗa? Yaushe ne bikin?"

Mai tsaron gida ya fashe da dariya. Tsoro ya kama Wesley, tsoron da ya kwana da shi tun yana ɗan shekara goma sha uku, irin wanda ba ya ba mutum damar tunani. Ya hankaɗe Corey ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Cire hannunka daga jikina, ƙazamin ɗan luwaɗi!"

Corey ya sha jin wannan kalma daga bakin dubban mutane bai ko waiwaya ba. Wannan karon ya tsaya cak yana kallon Wesley, fuskarsa ta canza. Sai ya dunƙule hannu ya fasa masa leɓe.

Aka ba Corey jan kati. Corey ya nuna Wesley ya ce, "Ba ka ji abin da ya ce ba?" Alƙalin wasa ya ce shi bai ji komai ba. Corey ya fita kansa a sunkuye, 'yan kallo suna rera sunan Wesley da ƙarfin da ba su taɓa yi ba a shekara goma sha biyu da ya yi musu. Aka ci baƙi ɗaya da nema. Lee ya rungume Wesley ya sumbaci goshinsa a gaban kowa, kuma ba wanda ya ga laifin haka.

Da aka busa tashi, mata da yara suka fara saukowa. Wesley ya nufi layi na uku, leɓe a kumbure. Duncan yana tsaye a bayan shingen ƙarfe, hannuwa cikin aljihu.

"Sauko," in ji Wesley. "Ga shi na zo."

"Na ji abin da ka ce masa."

"Maganar fili ce kawai, Dunc. Ka san yadda ake yi."

"Na sani. Da shi kake, ko da ni?"

"Don Allah ka sauko. Yanzun nan zan kama hannunka in gaya musu, Lee da koci da kowa. Ba abin da ka nema ke nan ba?"

Duncan ya kalle shi. Ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai, kuma wannan ya fi tayar wa Wesley hankali.

"Shi na nema," ya ce. "Amma yau ni ne ba na so a gan ni da kai."

Ya juya ya bi mutane zuwa ƙofar fita. Wesley ya kira sunansa sau biyu, tafi ya haɗiye muryar. Daga tsakiyar fili Lee yana ta yi masa hannu, wai ya zo, shi ne gwarzon yau, shi zai shige gaba.