Na'urar Ɗumama Ɗakin Hajjo

Sanyin Janairu ya sami Sailuba a unguwar Murabba ta birnin Riyad, a wani tsohon gida mai dogon rufi da tagogin katako duk sun tsattsage. Nas ce a asibitin yara, ta daɗe tana haya a gidan. Bana ta kawo mahaifiyarta Hajjo daga Gusau don likitocin Riyad su duba mata ƙirji.

Da murhun kananzir suke ɗumama ɗaki, hayaƙinsa kuwa ya tayar wa Hajjo da tari har ba ta iya gama sallah a tsaye. Sailuba ta kira Badamasi, wani Bakano mai ɗaura na'urorin sanyaya ɗaki a unguwar Dira, ta ce tana son sifilit mai zafi da sanyi, irin wadda ake maƙalawa a bango.

Badamasi ya auna ɗakin, ya ɗaga kai ya dubi rufi.

"Hajiya, da sabon gini ne, mai ƙarfin dubu goma sha takwas ta isa. Amma rufin nan ya yi tsawo, zafi kuma sama yake gudu, ga iska na shigowa ta tagogi. Sai mai dubu ashirin da huɗu. Riyal dubu uku da ɗari biyu, har da ɗaurawa."

"Ƙaramar fa?"

"Ta fi sauƙin kuɗi. Sai dai za ta yini tana aiki ɗakin bai ɗumu ba, ki sha kuɗin wuta."

"A ɗauko babbar."

Ranar ɗaurawa wakilin mai gida ya faɗo musu, ya ga Badamasi riƙe da injin huda bango.

"Mamnu'," in ji shi da Larabci, wato an hana. "Ba a huda bangon nan. In sanyi ya dame ku, ga sababbin gidaje can."

Sailuba ta juya wajen taga. Ta nuna wa Badamasi gilashin saman taga, wanda ya fashe tun kafin ta shigo gidan, aka toshe da kwali.

"Malam Badamasi, bututun zai wuce ta nan?"

"Zai wuce. Na'urar kuma in yi mata ƙafafun ƙarfe, ba sai ta taɓa bango ba."

Wakilin ya ce in aka ɗaura, ba zai sabunta mata haya ba. Hajjo, da ke kwance cikin barguna, ta gane faɗa ake yi ko da ba ta jin Larabci.

"Sailuba, ƙasar mutane ce. A bar shi."

"Inna, ƙasar tasu ce, ƙirjin naki ne." Ta juya ga wakilin. "Ban huda maka bango ba. Hayata kuma sai Afrilu za ta ƙare. Kafin nan, mahaifiyata ba za ta ƙara shaƙar kananzir ba."

Wakilin ya tsaya a bakin ƙofa yana waya da ƙarfi, Badamasi ya ci gaba da aikinsa. Bayan la'asar aka kunna. Sailuba ta liƙe tagogin da soso, ta fitar da murhun tsakar gida.

Wakilin ya cika maganarsa, bai sabunta hayar ba. Amma Hajjo ta gama ganin likita tarin ya lafa, har tana fita Dira sayen turare. A Afrilu suka kwashe kaya zuwa unguwar Aziziya, kusa da kasuwar kayan lambu, Hajjo na gaban mota tana yi wa direba faɗan gudu.