Kalmar da Doña Eulalia Ta Roƙa

"Tú," Doña Eulalia ta ce, ta buga cokali a kan tebur. "Ce mini tú, Saudatu. Harshenki ba zai gutsire ba."

Na sunkuyar da kai ina kallon littafina. Tsohuwa ce 'yar Sifen, shekararta tamanin da uku, flat ɗinta na kallon namu a unguwar Hulme, nan ƙasar Turawa. Duk Asabar nakan je ta taya ni Sifaniyanci saboda jarrabawar GCSE, don ni ban iya buɗe baki a aji ba. A yarensu, usted na baƙo ne da wanda ake girmamawa daga nesa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Tú kuwa na 'yan gida ne. Wata shida ina ce mata usted.

"Tun da mijina ya rasu, ƙawayena su Pilar ne kawai ke ce mini tú, a day centre, inda tsofaffi ke wuni," in ji ta. "Hukumar gari ta rufe wurin, kowa ya watse. Ɗana Turanci yake mini. Ke kaɗai kika rage."

Na ce zan gwada. Da na koma gida na gaya wa Mama.

"Ki ce wa tsohuwa 'ke'? A gidan wa kika koyo?"

"Mama, ita fa ta roƙa."

"Ko ta roƙa! Gwada ki take yi. In babba ya ce hau kujera, sai ki hau? Matan salon ɗin kitso su ce 'yar Kubura ba ta da tarbiyya. Seriously, Saudatu."

Ni ma dai, gaskiya, bakina ya ƙi. Na gwada a gaban madubi ya fita lafiya. A gabanta kuwa sai in ga furfurarta, in ji kamar zan taka mata ƙafa. Sau uku ta sake roƙo, sannan ta daina.

Cikin Nuwamba ta faɗi a banɗaki, aka dawo da ita daga asibiti ba ta iya tashi. Masu kula da ita minti sha biyar ake ba su, kullum kuma sabuwar fuska. Ranar Talata bayan makaranta Mama ta ba ni kunun gyaɗa in kai mata. Na tarar da wata daga cikin masu kula da ita tana jan ta zaune.

"Come on, Lily, love, good girl," matar ke cewa, idonta na kan agogo. Ko sunan ba nata ba ne.

Da matar ta fita, Doña Eulalia ta dube ni tana jira. Na san abin da take jira. Na ajiye flask, na durƙusa gefen gado yadda aka koya mini, na buɗe baki.

"¿Cómo está usted?" Abin da ya fito ke nan: yaya jikinku.

Ta lumshe ido. Tun ranar farko tú take ce mini, tana ƙarawa da "yarinyata". Wannan karon ta gyara murya kamar mai sallamar ma'aikacin gas.

"Na gode, señorita," ta ce, da usted. "Kuna iya tafiya."

Ta juya fuska bango. Ranar Alhamis da hantsi ta rasu, ba kowa a ɗakin.

Ɗanta ya zo daga can Erdington inda yake zaune, wani mai sanƙo, idonsa ja. Ya ƙwanƙwasa mana da ɗan kati a hannu, na furannin jana'iza.

"Ta ce kina jin yarenta," ya ce da Turanci. "Ni na manta nawa. Ki rubuta mata wani abu."

Na kai katin kicin. Mama na soya albasa, tana share hawaye da gefen mayafi, don ita ma tana son tsohuwar.

"Allah sarki, baiwar Allah," ta ce. "Ki rubuta da ladabi fa."

Na daɗe riƙe da biro. Sannan na rubuta da ladabi, da usted.

Ranar jana'iza mota biyu ce kacal. Ina tsaye a taga suka tashi a hankali. An soke katin a tsakiyar furanni yana fuskantar gilashi, ina hango rubutuna, har wata bas ta shiga tsakani.